Tabarmin Sito

Khairiyya ta sake kiran Kamilu, wayar ta yi ta shiga har ta tsinke ba a ɗauka ba. Ta ajiye ta a kan darduma, ta dubi rauta, na'urar intanet da ke kan ɗan tebur a falon mahaifinta. Fitilunta duk kore ne in ban da guda ɗaya, wadda ita ake nema. Tana nan ja tun jiya.

"Ya ɗauka?" in ji Alhaji Gide daga kan kujerarsa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa.

"Bai ɗauka ba, Baba."

"To, ni dai na gaya maki. In abin nan naku bai tashi yau ba, gobe da sassafe ina hanya. Ba a barin sito ranar kasuwa a tsakiyar damina, a ce mutum ɗaya zai ji da masu sayen taki."

Gidan Alhaji a Sheme yake, amma sitonsa na taki da iri da maganin feshi yana Ƙanƙara, da ɗan ofis a jikinsa. Tsakanin nan da can akwai hanyar da ta bi ta 'Yargoje, wadda kowa ya san halinta. Bara war haka, da masara ta yi tsayi ta rufe gefen titi, a kan hanyar nan 'yan bindiga suka tare motarsa suka shige da shi daji. Ya dawo da ransa, amma ya dawo da hawan jini da rawar hannu, da taurin kai wanda ya fi na da. Likita ya ce ya zauna. Matarsa Hajiya Fatsuma ta yi kuka, 'yan uwa suka yi ta magana, bai ji ta kowa ba. Shi a wurinsa zaman gida mutuwa ce da ba a kai ga kabari ba.

Khairiyya ce ta zo da abin da ya sa ya saurara. Ta gama karatun kwamfuta a Katsina, tana jiran kiran bautar ƙasa. Ta ce za ta haɗa rautar gida da ta ofis ta abin da ake kira VPN, wata keɓaɓɓiyar hanya a cikin intanet da ba mai shigarta sai su. In ta haɗu, yana zaune a falonsa zai buɗe kwamfutar ofis ya ga kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, ya kalli kyamarorin sito biyu, ta ciki da ta ƙofa, kamar yana wurin. Alhaji ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce in har ya ga sitonsa da idonsa daga nan, ya yi alkawari ba zai ƙara bin hanyar ba sai an cire amfanin gona. Alkawarinsa kuwa ba ya tashi. Ko waɗanda ba sa ƙaunarsa sun shaida masa wannan.

Da safen nan ta gano inda abin ya cije. Rautocin biyu rana ɗaya aka saye su, a shago ɗaya a Funtuwa, kuma lambobin adireshin da suke rabawa iri ɗaya ne sak. Duk lokacin da ta nemi kwamfutar ofis, sai rautar gida ta ɗauka a cikin gidan take, ta yi ta nema a nan, ba ta ma tunanin leƙawa Ƙanƙara. Gyaran ba wuya, a canza lambobin can kawai. Sai dai dole mutum ya zauna gaban rautar ofis, mutumin kuwa Kamilu ne, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ke riƙe da ofis ɗin. Tun hantsi take nemansa.

Wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka ta fita tsakar gida, gindin darbejiya inda sabis ya fi kamawa.

"Kai baƙauye, ina ka jefar da wayar?" Taubasai ne, haka suka saba gaisawa. "Ko ka ba da ita jingina wajen mai ƙosai?"

Bai rama ba. Ta ji hayaniyar mutane a bayansa, sannan ta ji ya matsa wani wuri.

"Kawu na kusa da ke?"

"Yana falo. Mi ya faru?"

"Daga maƙabarta muke. Malam Mamuda ya rasu bayan asuba. Ƙirjin nan ne ya tashi mashi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa."

Khairiyya ta dafa itacen. Ta yi salati a hankali, ta sake yi. Malam Mamuda shi ne mai gadin sito, yana zaune da iyalinsa a ɗakunan da ke bayansa. Amma kiransa mai gadi rage masa matsayi ne. Tare suka fara dakon buhuna da Alhaji suna samari. Ɗaya ya samu, ɗaya bai samu ba, ba su rabu ba. Bara da aka rasa wanda zai shiga daji ya kai abin da 'yan bindiga suka nema, 'yan uwa na jini kowa ya sunkuyar da kai. Malam Mamuda ne ya hau babur ya shiga, ya fito da Alhaji goye a bayansa, ƙafafunsa sun kumbura ba ya iya taka su.

"Baba bai sani ba," ta ce.

"Kuma kar ya sani. Hajiya ta ce a yi shiru."

Ta waiwaya. Mahaifiyarta na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, idanunta jajur. Ashe ba hayaƙi ba ne ya sa su ja tun safe, kuma ba don caji ta karɓe wayar Alhaji ta kai ɗaki ba.

Hajiya Fatsuma ta ƙaraso, ta yi ƙasa da murya. "Gwaggonki ta kira ni tun kafin a yi masa wanka. Na aika wa Malam Liman. Ya ce jibi zai zo da kansa da dattawa su gaya masa a hankali, bayan kasuwa ta watse, hanya ta ɗan lafa. Yau da gobe kawai nake so mu tsallake."

"Inna, Malam Mamuda ne fa."

"Na san ko wane ne. Na fi ki sani. Wanda ya tafi ya riga ya tafi, an rufe shi. Ni wanda ya rage nake tsaro." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Ki gama aikin nan yau. In bai ga sito ba, gobe zai tafi. Ki nuna masa ciki, buhuna da ofis. Kyamarar ƙofa kuwa kar ki buɗe, a nan ake zaman makoki. In ya tambaya ki ce ta lalace."

Khairiyya ta dubi wayar da ke hannunta. Ƙarya ce aka ɗora mata, ko da wane suna aka kira ta. Amma ta tuna yadda aka shigo da mahaifinta bara, mutum biyu na riƙe da shi, gemunsa ya yi fari cikin 'yan makonni. Ta mayar da wayar kunne.

"Kamilu, shiga ofis ka kunna kwamfuta."

Aikin ya ci lokaci. Kamilu gwani ne wajen awo da sanin taki mai kyau da jabu, amma gaban kwamfuta da yatsa ɗaya yake aiki. Ta sa shi ya buɗe shafin rauta, ya nemo inda lambobin suke, ya goge ɗaya ya sa biyu. Ya ce ya yi. Ta ce ya danna ajiye. Ya ce komai ya ɓace, allon ya yi fari, ya lalata kayan Kawu.

"Ba ka lalata komai ba. Ta canza gida ne, kai kuma kana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Cire wayar da ke bayan kwamfuta ka mayar."

"Wace daga ciki? Wayoyi ne nan kamar taliya."

"Shuɗiyar. Kai da za a ba ka buhu ɗari a duhu ka ware na jabu, waya ɗaya ta gagare ka."

Ya ɗan yi dariya, dariyar ta mutu a tsakiya. Ta jiyo wani ya leƙo yana tambayarsa ko akwai sauran butoci. Ya ce babu, na lungun sito duk an kwashe.

Saura makullin sirri, dogon jerin haruffa da lambobi da dole ya zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Ta tura masa ta waya, ya kwafa, ya tsallake harafi, ya sake. Tana tsaye a rana har gumi ya jiƙa mata hijabi. Daga falo muryar Alhaji ta fito.

"Khairiyya, wannan fitilar taku ta canza launi."

Ta shiga da sauri. Kore ce. Ta durƙusa gaban kwamfutarta, ta kira ta ofis, ta amsa nan take. Abin da ta shafe mako tana fama da shi ya tsaya da ƙafarsa, amma ko kaɗan ba ta ji daɗin da ta zata za ta ji ba. Ta juya allon gefe yadda ba zai gani ba, ta shiga shafin kyamarori, ta ɓoye ta ƙofa. Kafin hoton ya ɓace idonta ya kama layin takalma a bakin inuwa. Ta kawar da kai.

"Ga shi, Baba."

Ta ɗora masa kwamfutar a kan teburi, ta ja shi gabansa. Alhaji ya kashe rediyo, ya sa tabarau. Hajiya Fatsuma ta shigo ta tsaya a bakin labule.

Sito ne, ba shakka. Buhunan taki a jere har kusa da rufi, galan-galan na maganin feshi a kan katako, sikeli a tsakiya. Kamilu ya shigo cikin hoton da waya a kunne, ya ɗaga hannu. Khairiyya ta buɗe muryar wayarta ta ajiye a kan tebur.

"Kawu, barka da rana. Kana ganina?"

"Ina ganinka, har da hular da ka karkace." Alhaji ya matso da fuska. Wani abu mai kama da murmushi ya taɓa bakinsa, abin da gidan ya daɗe bai gani ba. "Ikon Allah. Wancan layin na hagu, na mutanen Sabuwa ne?"

"Nasu ne. Gobe za su aiko a ɗauka."

"A sa masu katako a ƙasa, damshi na hawa ta nan."

Ya bi sitonsa lungu-lungu da ido, yana tambaya Kamilu na amsawa. Hajiya ta saki labulen da ta damƙe. Khairiyya ta fara tunanin wataƙila za su tsallake.

Sai Alhaji ya sa yatsa a kan kusurwar allon, wani lungu kusa da ƙofar ofis inda babu komai sai bango.

"Ina tabarmin?"

Ba wanda ya yi tunaninsu. A lungun nan kullum akwai manyan tabarmi a naɗe a jingine, da butoci a rataye a ƙusa. Alhaji ya saye su tun da daɗewa don unguwa, ba a taɓa su sai suna ko ɗaurin aure ko rasuwa. An ɓoye kyamara, an ɓoye waya, an haɗa baki da Liman, amma an manta cewa mutumin da ya san sitonsa ya san har abin da babu a cikinsa.

"An ara ne, Kawu," in ji Kamilu.

"Wa ya ara?"

"Maƙwabta. Suna ake yi."

"Suna da rana tsaka. A gidan wa aka haihu?"

A cikin hoton ana ganin Kamilu yana kallon ƙasa. Alhaji ya ƙura wa ƙafafunsa ido, inda jar ƙasa ta manne a gwiwoyin wandonsa har zuwa ƙasa.

"Kira mani Mamuda ya tsaya inda kake tsaye. Ina so ya ga abin da ɗiyarsa Khairiyya ta haɗa."

Ta cikin wayar, can nesa, aka jiyo muryoyi da yawa sun haɗu sun ce amin.

Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Bai dubi matarsa ba. Khairiyya ya duba.

"Kin ce kyamara biyu ce. Buɗe mani ta ƙofa."

"Alhaji, ai ta lalace," in ji Hajiya daga bakin labule. "Ita ta gaya mani ɗazu."

"Ba ke na tambaya ba."

Kalma ɗaya ake nema daga bakinta. In ta ce ta lalace, ba shi da yadda zai gane, bai san komai a kan waɗannan abubuwa ba sai abin da ta gaya masa. Da wannan yarda ya ajiye alkawarinsa a hannunta. Ta dubi mahaifiyarta, wadda ke roƙonta da ido. Ta dubi agogon bango: azahar ta kusa, kuma ba mai shiga hanyar 'Yargoje bayan la'asar. In ta ja shi da magana, yau ta wuce. Gobe kuma ya tashi ya iske an rufe amininsa, an yi kwana, ɗiyarsa na zaune kusa da shi tana nuna masa buhuna.

Ta ja kwamfutar, ta danna, ta mayar masa.

Tabarmin na shimfiɗe a inuwar rumfar ƙofar sito, mutane a jere a kansu, takalma a gefe. Babban ɗan Malam Mamuda na zaune a tsakiya, masu zuwa na durƙusawa gabansa suna ɗaga hannu. Bencin da marigayin ke zama a kai an jingine shi da bango.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya yi salati, muryarsa ba ta rawa ko kaɗan.

"Tun yaushe?"

"Bayan asuba, Baba. An kai shi da hantsi."

"Da hantsi." Ya gyaɗa kai. "Ina nan ina jin labaran duniya." Ya miƙe. "A kira Mas'ud direba ya fito da mota. A ba ni wayata."

Hajiya Fatsuma ta tare ƙofa. "Alhaji, don girman Allah. An riga an rufe shi, zuwanka ba zai dawo da shi ba. Ka bari jibi a tafi da rakiya. Masara ta rufe hanya, ka fi kowa sani."

"Bara ma masara ta rufe hanya ranar da ya shiga ya ɗauko ni. Bai jira jibi ba."

"Baba," in ji Khairiyya, "ka ga sito da idonka. Ka yi alkawari."

Ya tsaya yana sa hula. "Na yi alkawari ba zan bi hanya don taki ba, kuma ba zan bi ba. Wannan ba taki ba ne." Ya ɗauki hiraminsa ya saɓa a kafaɗa. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Aikinki ya yi kyau. Allah ya yi maki albarka."

Ya yi azahar a masallacin ƙofar gida, motar ta tashi.

Hajiya ta koma kicin, aka yi ta jin ƙarar tukwane fiye da yadda girki ke bukata. Khairiyya ta zauna a ƙasa gaban kwamfutar. Da an wuce gonakin bayan Sheme sabis ke ɗaukewa, ba ya dawowa sai an hango Ƙanƙara. Kira ba shi da amfani. Abin da ya rage mata shi ne hoton ƙofar sito, da ɗan guntun titi da ke shigowa ta gefen dama.

Mutane na zuwa, su cire takalma, su yi addu'a, su tashi. Wani ya kawo ruwa a jarka. Babur ya wuce, akuya ta ratsa. Duk abin da ya motsa a gefen dama sai ta matso da fuska. Ta ƙirga garuruwan hanya a zuci, ta kai motar inda ya kamata a ce ta kai, ta dawo da ita baya don kar ta yi wa kanta alkawarin ƙarya.

Ba ta ji shigowar mahaifiyarta ba, sai dai ta ji ta zauna kusa da ita a kan darduma, carbi a hannu.

"Ƙara girman wajen titin," in ji Hajiya. Ta ƙara.

Hadari ya taso daga gabas, hasken hoton ya dushe. Sai komai ya tsaya cak: wani dattijo ya daskare da takalmi ɗaya a hannu. Hajiya ta damƙi hannunta.

"Mi ya faru? Mi ya same su?"

"Sabis ne, Inna. Ba su ba ne."

Ta dubi rauta. Fitilar ta yi ja, ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta koma kore. Dattijon ya ƙarasa sa takalminsa ya tafi. Aka kira la'asar a masallacin ƙofar gida, ba wadda ta motsa. A cikin hoton ma mutane suka fara ɗaukar butoci.

A lokacin ne hancin farar mota ya shigo ta gefen dama, da laka har gilashi.

Hajiya ta saki wani dogon numfashi, ta kifa fuska a tafin hannu. Khairiyya ta ga mahaifinta ya fito a hankali, ya cire takalma, mutane na miƙewa suna buɗa masa wuri. Ya durƙusa gaban ɗan marigayin, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Da aka shafa addu'a, ya ɗago kai ya nemi kyamarar har ya same ta. Ya dube su kai tsaye. Sannan ya yafito Kamilu, ya zare hiramin daga kafaɗa ya miƙa masa.

Kamilu ya jawo bencin Malam Mamuda ya hau. Fuskarsa ta cika allon, sai zane ya rufe komai.

Wayar ta yi ƙara.

"Kawu ya ce in gaya maku ya iso lafiya," in ji Kamilu. "Ya ce sai an yi sadakar uku zai dawo. Ya ce kuma ba a kallon masu makoki daga nesa, a bar ta a rufe."

"Sai an yi uku," in ji Hajiya, kamar mai auna nauyin abu. Ta tashi ta ɗauki buta ta fita.

Khairiyya ta zauna gaban baƙin allo. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. A kan tebur fitilar na nan kore, hanyar a buɗe take tsakanin Sheme da Ƙanƙara, ba abin da ya same ta. Ta kai hannu za ta kashe rautar, ta fasa. Akwai dawowarsa ta hanyar 'Yargoje.